Yadda Ake Saita Bayas a Amfilifaya Mai Bawul Ba Tare da An Ƙona Faranti Ba

Amfilifaya mai bawul, wato kwalbar gilas ɗin nan mai ƙara ƙarfin sauti, ta yi wuya a Katsina yanzu. Masallatai da masu shela a mota da masu kiɗan biki duk sun koma ta taransisto, don ta fi araha, ba ta zafi sosai, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Amma ba ta ɓace ba. Jefi-jefi sai ka ga an shigo da ita shago: tsohuwar ta lasifika da aka tono daga sito, ko ta jita da ta biyo kayan gwanjo, ko wadda wani mai sha'awar sauti ya yi oda daga Sin. Mafi yawansu ciwonsu ɗaya ne. An canza musu bawul an kunna kawai, ba wanda ya duba bayas, bayan 'yan makonni bawul ya mutu. Wani lokaci ma ya tafi da taransifomar fita, mai miƙa sauti ga sifika, wadda ta fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Bawul kuwa ba abin da za ka leƙa Babbar Kasuwa ka saya ba ne. Masana'antun da suka rage suna yin sa kaɗan ne, akwai JJ a Sulobakiya, da masana'antar Saratob a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix, sai wasu a Sin. Kafin ya iso hannunka ya ci kuɗin dala da na jirgi. Abin da ya sha wannan wahalar bai kamata a bar shi ya ƙone saboda aikin minti talatin ba.

Abin da ake saitawa

A cikin bawul akwai katod da ake zafafawa ya saki wuta, akwai faranti da ke karɓarta, a tsakaninsu kuma akwai girid da ke tare hanya. Idan aka ba girid bolt na ƙasa da sifili, wato mai alamar ragi idan an gwada shi da katod, sai ya rage wutar da ke wucewa. Wannan bolt ɗin shi ne bayas. Saita shi kamar saita silon babur ne: ka ɗaga silo da yawa inji ya yi ta ihu yana zafi alhali yana tsaye, ka sauke da yawa ya riƙa shaƙewa da zarar an ja totur.

Bawul mai jan wuta da yawa a lokacin da ba a kiɗa komai ana cewa ya yi zafi. Farantinsa na shan azaba, ransa ba ya tsawo. Wanda ke jan kaɗan ƙwarai ya yi sanyi, ba zai mutu da wuri ba, amma sautin zai fito da kaushi da tsatsa-tsatsa, musamman idan an rage murya, domin bawul biyu ne ke karɓa-karɓa, kuma a daidai wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗan'uwansa aiki dukansu biyu sun kusa yin shiru.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba miliam, ma'aunin yawan wutar da ke gudana, ake nema ba, wat ake nema. Zafin da faranti ke sha shi ne bolt ɗin da ke kansa sau wutar da ke ratsa shi. Shi ya sa lambar da wani ya ba ka, "sa shi a 40," ba ta da amfani sai an san bolt ɗin. Miliam 40 a kan bolt 350 wat 14 ne, bawul mai lamba EL34 zai yi shekaru a haka. Miliam 40 ɗin nan a kan bolt 500 wat 20 ne, ya wuce inda ake so. Ka kai shi kan 6V6 mai bolt 420, ya zama wat 16.8, bawul ɗin da iyakarsa ba ta wuce 14 ba.

Maganar rai tukuna

A cikin wannan akwatin akwai bolt 400 zuwa 500, wani lokaci fiye. Yana kisa, kuma cire soket daga bango ba ya kawar da shi, saboda manyan kondensa na riƙe wuta bayan an kashe. Wanda bai taɓa aiki a gaban maigida da irin wannan wutar ba, ya kai wa wanda ya iya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga mai aikin, ga ƙa'idojin. Cire zobe da agogo. Sa takalmin roba, kada ka tsaya a kan siminti da ƙafa tsirara, ballantana bayan alwala hannu da ƙafa da laima. Duk awon da za ka yi wuta na kunne, hannu ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan ta bi ta ƙirji. Baƙar wayar mita a maƙale ta a jikin shasi, wato ƙarfen da aka ɗora kayan a kansa, da kilif mai bakin kada, ba a riƙe ta. Kada ka yi aikin kai kaɗai a shago, a samu wani kusa da ya san inda makashin wuta yake.

Sauke wutar kondensa da razista ake yi, mai kilo-om 22, wat 5 ko 10, da waya mai rufi da kilif a kowane gefe. Gefe ɗaya a shasi, ɗayan a ƙafar kondensa mai alamar tarawa, a bar shi ya yi kamar minti ɗaya. Sannan ka auna da mita ka ga ya sauka ƙasa da bolt 10. Masu haɗa ƙafar da shasi da sukudireba su ji "tas" suna lalata kondensa ne, suna kuma wasa da idonsu. Kafin ka kunna, tuna ka cire razistar.

Ƙa'ida ta ƙarshe ta amfilifayar ce: ba a kunna mai bawul ba sifika a jikinta. Taransifomar fita idan ba ta da kaya tana iya haifar da bolt mai yawan da zai huda rufin wayarta. A jona sifika mai om ɗin da aka rubuta, ko babbar razista mai om 8 da ke iya ɗaukar ƙarfin na'urar.

Iyakar kowane bawul

Karanta lambar da ke jikin kwalbar har harafin ƙarshe. EL34 iyakar farantinsa wat 25, haka KT66. 6L6GC wat 30. 5881 wat 23. 6V6GTA wat 14. EL84 wat 12. Ga 6550 da KT88, wat 35 ne lambar da ba za ta cuce ka ba, ko da yake takardun wasu na cewa 42.

Tarkon yana wajen dangin 6L6. Kamfanin RCA ya fito da shi tun 1936, kuma tsofaffin, mai jikin ƙarfe da 6L6G da 6L6GB, wat 19 kawai suke ɗauka. GC ne kaɗai mai 30. Akwai kuma na zamanin Tarayyar Sobiyet mai lamba 6P3S, wanda ake sayarwa da araha a matsayin 6L6, shi kuma wajen wat 20 yake. Ka lissafa masa da 30, ka gama da shi.

Wane irin bayas ne a gabanka

Cire wuta, sauke kondensa, juya shasi ka dubi soket ɗin manyan bawul daga ƙasa. A masu ƙafa takwas irin EL34 da 6L6 da 6V6, ana fara ƙirga daga ɗan tsagin tsakiya ana bin hannun agogo. Ƙafa ta 3 faranti, ta 4 sikirin, wato girid na biyu, ta 5 girid, ta 8 katod, ta 2 da ta 7 na hita. A EL84 mai ƙafa tara, faranti na ta 7, katod ta 3, girid ta 2, sikirin ta 9.

Idan katod ya tafi shasi kai tsaye, ko ta ƙaramar razista mai om 1 ko 10, wannan tsayayyen bayas ne, akwai wata hanya daban da ke kawo wa girid bolt mai ragi, kuma galibi za ka ga ɗan murɗi na saitawa kusa da ita. Idan kuwa katod ya bi ta ƙatuwar razista mai om ɗari da wani abu ko ɗari biyu da hamsin, da kondensa a gefenta, wannan bayas na katod ne, lissafinsa daban, zan zo kansa.

Saita tsayayyen bayas, mataki-mataki

Na farko, sa wa kowane bawul razistar awo idan babu. Cire wayar da ta haɗa ƙafa ta 8 da shasi, ka sa razista mai om 1, wat 1 ko 2, a madadinta. A EL34 ƙafa ta 1 a haɗe take da ta 8, ka bar su tare. Amfanin om 1 shi ne duk milibolt ɗaya da ka gani a kanta miliam ɗaya ne, ba lissafi. Sai dai ta zama mai kuskuren kashi 1 cikin 100, wadda zoben ƙarshenta ruwan ƙasa ne. Ƙaramar mitar nan ta kasuwa ba za ta tantance maka om 1 ba, wayoyinta kaɗai sun kai kusan rabin om. Idan ba ka samu ba, om 10 ma ta yi, sai ka raba abin da ka gani gida goma: milibolt 350 miliam 35 ke nan. Amfilifayar Dynaco ST-70 ta 1959 da razistarta take zuwa, mai om 15.6 ga bawul biyu, ana neman bolt 1.56 a kanta, wato miliam 100 a raba musu.

Na biyu, gwada hanyar bayas ba bawul. Zare manyan bawul, kunna, sa mita a bolt na DC, taɓa ƙafa ta 5 a kowane soket. Dole ka ga ragi, kuma kusan lamba ɗaya a dukansu. EL34 kan nemi wajen ragi 35 zuwa 40, 6L6GC wajen ragi 45 zuwa 55. Murɗa ɗan murɗin ka ga lambar na motsi, sannan ka bar shi a inda ragin ya fi yawa, can ne mafi sanyi. Soket ɗin da ya nuna sifili ko tarawa, kada ka kuskura ka sa masa bawul, nemo dalili tukuna. Kada kuma ka daɗe a wannan gwajin, domin ba bawul babban bolt na hawa sama ya matsa wa kondensa.

Na uku, auna wutar bango da bolt ɗin hita, ka rubuta. Hita, tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7 a AC, ya kamata ya kusanci 6.3. Idan ka ga 6.9 ko 7, wutar da ke shiga ta fi ƙarfin taransifomar, kuma babban bolt ma ya hau daidai da haka.

Na huɗu, kashe, sauke kondensa, mayar da bawul, jona sifika, kai murya sifili, kada a jona komai a mashiga. Maƙala jar wayar mita a ƙafa ta 8 ta bawul ɗaya, mita a milibolt. Kunna, idan akwai makunnin sitanbai ka ba hita minti ɗaya kafin ka saki babbar wuta. Idonka a kan mita. Lamba ta hau a hankali ta tsaya a ƙasa-ƙasa, kamar 10 ko 20, lafiya lau. Ta ɗauki gudu ta wuce 70 tana ci gaba, kashe nan take. Idan na'urar ta shekara a ajiye, kunnawar farko a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare, wat 100, a jere da wayar wuta. Ƙwan ya yi haske ya dushe, babu gajeriyar hanya a ciki. Amma a cire shi kafin saiti, don yana rage bolt, duk lambar da ka gani da shi ƙarya ce.

Na biyar, bar ta ta yi zafi minti 10 zuwa 15, sannan ka auna bolt ɗin faranti a ƙafa ta 3, mita a 1000 DC. Bakin wayar ya zama an rufe shi da tef sai ɗan tsinin, domin ƙafa ta 2 ta hita tana dab da ita, zamewa ɗaya ta isa. Wasu na'urorin sukan yi ƙara idan aka taɓa faranti. Idan haka ta faru, auna a wayar tsakiya ta taransifomar fita, bambancin bolt biyu ko uku ne kawai.

Na shida, lissafi. Ɗauki iyakar bawul, ka lissafa kason da kake so daga cikinta, ka raba shi da bolt ɗin faranti. A ce EL34 ne, ka auna 460. Kashi 70 cikin 100 na wat 25 shi ne 17.5, a raba da 460 ya ba da 0.038, wato miliam 38. Kashi 60 wat 15 ne, miliam 33. Ga 6L6GC a kan 460 ɗin, kashi 70 kusan miliam 46 ne, kashi 60 kuma 39. Ga 6V6GTA a kan 420, kashi 70 miliam 23 ne kacal.

Me ya sa ba a kai wa 100? Domin a irin wannan tsarin na bawul biyu masu karɓa-karɓa, zafin faranti ƙaruwa yake idan sauti ya fara shiga. Kashi 30 ɗin da aka bari wurin wannan ƙarin ne. Kashi 70 rufi ne, ba wurin zama ba.

Na bakwai, murɗa a hankali da sukudireba mai rufin roba, kaɗan-kaɗan, kana jira lamba ta zauna. Idan ka kai inda kake so, koma ka sake auna faranti, za ka tarar ya ɗan sauka, domin bawul na jan wuta yanzu. Sake lissafi da sabuwar lambar, ka gyara. Zagaye biyu yakan isa.

Na takwas, auna kowane bawul. Murɗi ɗaya ne ke kula da dukansu a yawancin na'urori, saboda haka wanda ya fi jan wuta da shi ake saiti. Bambancin miliam 3 ko 4 ba komai. Ya kai 10, ba tagwaye ba ne, za ka ji gurnani a sifika, taransifoma ma ba ta so. Don ka san ko laifin bawul ne ko na soket, kashe ka musanya musu wuri. Lambar ta bi bawul, shi ne. Ta tsaya a soket, duba razistar sikirin, wadda a amfilifayar Fender om 470 ce, a ta Marshall kilo-om 1, sukan ƙone su canza.

Lambar katod ta haɗa da wutar sikirin, miliam biyu zuwa biyar. Wasu na cire ta. Ni ba na cirewa a tsayayyen bayas, don kuskuren ya faɗa ɓangaren sanyi.

Wutarmu da zafinmu

Nan ne lissafin littafi ke rabuwa da na Katsina. A takarda wutar ƙasar nan bolt 230 ce. A zahiri duk mai mita ya san da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa, tana iya faɗuwa ƙasa da 200, da tsakar dare kuma ta haye 240. Amfilifaya mai bawul ba ta da abin da ke daidaita mata wannan, abin da bango ya ba ta shi take ninkawa. Za ka ce ai bolt ɗin bayas ma yana hawa tare, sai su kashe juna. Ba sa kashewa. Idan duk bolt ɗin ciki suka ƙaru da kashi 10, wutar da bawul ke ja na ƙaruwa da wajen kashi 15, a haɗa da ƙarin bolt ɗin faranti, zafin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Duba abin da wannan ke nufi. Ka saita a kashi 70 da yamma wuta na 220. Dare ya yi ta kai 242. Bawul ɗinka yanzu yana kusa da kashi 90 tun ba a kiɗa komai ba. Da a 60 ka bar shi, da yana wajen 76, wanda zai iya jurewa. Wanda ya yi saiti wuta na 195 kuwa, ya ɗana wa mai kaya tarko ne kawai.

Shi ya sa a ganina kashi 60 zuwa 65 ne lambar garin nan, kuma a yi saitin a kan wuta mafi ƙarfi da na'urar za ta gamu da ita. Mai bariyak, wato taransifomar nan da ake murɗa bolt ɗinta, ya kai ta 240 ya tabbatar ko a can bai wuce 70 ba. Wanda ba shi da ita ya jira lokacin da wuta ta cika, ko ya yi aikin a bayan sitabilaizar da mai kayan zai riƙa amfani da ita. Tsofaffin na'urorin Ingila da ke da mazaɓin bolt a baya, 220 da 230 da 240, a ajiye su a 240.

Na Amurka sha'aninsu biyu ne. Bolt 120 suke so, saboda haka sai da taransifomar saukarwa, kuma a auna abin da take fitarwa, kada a yarda da rubutun jikinta. Sannan an naɗa taransifomarsu don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, don haka sun fi zafi a nan ko da komai daidai yake. Ƙaramin janareta kuma ba a saiti da shi, bolt ɗinsa yawo yake da nauyin da aka ɗora masa. Inbata ta sola ta yi idan mai tsabtatacciyar igiyar wuta ce, mai araha mai igiyar kusurwa tana ba da babban bolt daban da na layi.

Sai zafin gari. A Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, cikin shagon kwano ma ya fi haka. Takardar 6L6GC ta ce kwalbar kada ta wuce digiri 250, kuma iska ce kawai ke sanyaya ta. Na'urar da aka cusa cikin kabad ko aka jingina da bango ta rasa wannan iskar. Ƙaramar fanka irin ta kwamfuta a bayan akwatin tana ƙara wa bawul kwana fiye da yadda ake zato. Ƙurar hunturu ma ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Takan taru a soket, damina ta zo ta jiƙa ta, wuta ta fara tsallake daga ƙafa ta 3 zuwa ta 2. Idan ka ga baƙin layi kamar na fensir tsakanin ramukan nan biyu, soket ɗin ya gama aiki, kankarewa ba ta gyara shi, sai canji.

Akwai masu kayan da za su ce maka, "Malam, a ɗan ƙara mata wuta, ina so a ji ta har Ƙofar Soro." Amsar ita ce, "Alhaji, wannan murɗin ba na ƙara ba ne, na tsawon rai ne." Daga kashi 60 zuwa 75 kunne ba ya jin ƙarin murya. Mai son ƙara ya nemi sifika mai kyau.

Idan ba ka son taɓa katod

Akwai hanyar taransifomar fita, ba ta bukatar dalma. A kashe, a sauke kondensa, tana da ɗumi, ka auna om daga wayar tsakiya zuwa ƙafa ta 3 ta kowane gefe. A ce ka samu 48 da 53, ba sa zama ɗaya dama. Maƙala wayoyin mita biyu a wuraren nan, mayar da ita bolt na DC, janye hannunka, kunna. Ka ga bolt 1.7 a gefen mai om 48, a raba, miliam 35. Wannan wutar faranti ce zalla, ba sikirin a ciki. Mai bawul huɗu, kowane gefe biyu ne, sai ka raba biyu. Haɗarinta shi ne wayoyin mita duka biyun suna kan bolt 450, don haka ba a motsa kilif sai an kashe an sauke. Hanyar da wasu ke bi ta sa mita a miliam su gitta ta a kan taransifoma, ban ba kowa shawararta ba. Mita a wannan yanayin waya ce miƙaƙƙiya, ta taɓa shasi sai tartsatsi.

Bayas na katod

Wannan ba shi da murɗi, bawul ne ke daidaita kansa. Yawan wutar da ya ja, yawan bolt ɗin da ke taruwa a kan razistar katod, shi kuma ya danne shi. Saboda haka ana barin sa ya kai kashi 90 zuwa 100. Amma a auna, don an ƙera da yawansu a zamanin da wutar bango ba ta kai ta yanzu ba.

A ce EL84 biyu ne a kan razista ɗaya mai om 130. Auna ta a kashe ka tabbatar har yanzu 130 ce. Kunna, ka ga bolt 11 a kanta. Raba 11 da 130, miliam 85, kowane bawul 42. Faranti ya nuna 320, amma a nan sai an cire na katod, saura 309. Cire miliam 4 na sikirin, saura 38. Sau 309, wat 11.7, dab da iyakar 12. A ƙasa mai sanyi a bar shi. A nan zan mayar da razistar 150, mai wat 5 ko 10, in kuma nisanta kondensar da ke gefenta daga jikinta, domin zafin razistar ne ke busar da ita, ranar da ta haɗe kuwa bayas ya tafi gaba ɗaya.

Jan faranti

Bayan saiti, ja ƙofar shago ko ka kashe fitila, ka dubi bawul cikin duhu. Jan haske siriri a tsakiya da sama hita ne, haka yake. Shuɗin haske a jikin gilas ma yawanci ba matsala. Abin tsoro shi ne toka-tokan ƙarfen nan babba da ya kewaye ciki ya fara nuna ja. Yakan fara ne da ɗan tabo a tsakiyar gefe ɗaya, ja mai duhu da ba a gani da rana, sai ya yi ta faɗi yana komawa ruwan lemo, sifika na gurnani, warin fenti mai zafi na tashi. Daga nan zuwa mutuwar bawul ba nisa. Kashe.

Duka bawul sun yi ja, hanyar bayas ce ta mutu: dayod, ko murɗin, ko ƙaramar kondensarta. Wannan kondensar a juye ake sa ta, ƙafar tarawa ce ke zuwa shasi, kuma masu gyara da yawa sun saba da akasin haka, sai ka tarar an sa ta ba daidai ba. Ɗaya ne kawai ya yi ja, to ko shi ne ya lalace, ko ramin ƙafa ta 5 ya saki ba ya kama ƙafar, ko kondensar da ke kawo sauti daga ƙaramin bawul na gaba tana yoyo tana tura wa girid tarawa. Wannan ta ƙarshen tana da wayo, sai ta yi zafi take nuna hali. Alamarta ita ce lamba ta yi daidai da farko, bayan rabin awa ta fara hawa ba tsayawa.

Wasu na'urorin, irin na Mesa/Boogie da tsofaffin Fender da dama, ba su da murɗin saiti, razista ce tsayayya. Wasu Fender na shekarun 1970 kuma murɗin da ke ciki na daidaita gefe biyu ne, ba na ɗagawa da saukewa ba. A irin waɗannan ko dai a nemo bawul da ya dace da lambar, ko a cire razistar da ke zuwa shasi a hanyar bayas a sa murɗi da razista a jere, yadda ko murɗin ya kai ƙarshe ragin ba zai faɗi sifili ba.

Kafin ka rufe

Saka sauti da ƙarfi na minti 20 kana duban faranti, sannan ka kai murya sifili ka sake awo. Ya kamata lamba ta dawo kusa da inda ka bar ta. Duba fis ka tabbatar mai lambar da aka rubuta ne, ba waya aka naɗa ba. Ɗiga ɗan jan farce a kan murɗin don kada girgizar hanya ta motsa shi, musamman idan Daura ko Funtuwa za a koma da ita a bayan mota. Manna takarda a cikin akwatin ka rubuta kwanan wata, irin bawul, wutar bango lokacin saiti, bolt ɗin faranti, da miliam na kowane ɗaya. Sabon bawul yakan ɗan sauya a farkon aikinsa, saboda haka ka ce wa mai ita ya dawo da ita bayan wata guda a sake aunawa, haka kuma duk ranar da aka canza bawul, ko da lambarsu ɗaya da na da.